Hutun Da Na Rubuta Mata

Sallama gare ku, 'yan uwa masu karatu. Ni dai karatun labarin mutane na iya, ban taɓa rubuta nawa ba, in kun ga na yi tuntuɓe a hanya ku yi mini uzuri. Ba zan kira sunan kowa ba, don duk mutanen da ke cikin labarin nan suna nan da ransu.

A gidan wanki da guga nake aiki, irin manyan nan da ke karɓar kayan otal-otal, zanen gado da tawul da rigunan filo. Mu talatin da biyu ne a sashen guga, duk mata. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, tagoginsa can sama inda hannu ba ya kaiwa, ga tururi kullum kamar an kife mu da tukunya. Bakwai na safe muke shiga. A takarda ƙarfe biyar muke tashi, amma a gaskiya sai motar otal ta ƙarshe ta kwashi kayanta. Kowacce da shuɗiyar rigar aiki mai aljihu biyu da farin ɗankwali. Aljihun hagu na burodi ne. A tsaye muke cinsa, gutsure ɗaya tsakanin wannan zanin da wancan, ki kora da ruwan gora da ya riga ya yi ɗumi, ɗaya hannun na kan aiki.

Malama suke ce mini, saboda gilashin idona da littafin da ba ya rabuwa da jakata. Ni dama ba mai magana ba ce. In mutum uku suka zuba mini ido lokaci ɗaya, sai harshena ya sarƙe.

Shugaban sashenmu kuwa Mai Agogo suke ce masa, don kafin ya amsa gaisuwarki sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Kullum hannun rigarsa a naɗe, kana hango tabon ƙuna biyu a fatarsa, don shi ma daga bakin dutsen guga ya taso kafin a ba shi ofis. Shi ne saurayina. Sau biyu na rubuta wannan kalmar ina gogewa, amma bari in bar ta.

Wata takwas da suka wuce ya tsaya a bayana ina rubuta lambar otal a jikin buhun kaya. Ya sunkuyo yana duba rubutun.

"Wannan rubutun naki ne, ko inji ne ya buga?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ranka ya daɗe kuma? Shekara nawa kike ganin na ba ki?" Ya yi murmushi. "Ki same ni a ofis ranar Litinin. Ina da aikin da ya fi wannan dacewa da hannunki."

Aikin shi ne takardar hutu. A bangon ƙofar shiga akwai wata sanarwa ta ofishin ƙwadago, tururi ya mayar da ita ruwan ƙasa, tana cewa duk mai aikin yini yana da haƙƙin hutun awa ɗaya ya zauna ya ci abinci, kuma dole wurin aiki ya ajiye shaidar an ba shi. To shaidar ita ce wannan takarda. Sunaye a jere, kwanakin mako a sama, gurbin lokacin fita da na dawowa, sai gurbin dangwala yatsa a ƙarshe. Ba wadda take yin hutun. Amma takarda dole ta cika.

Safiyar Litinin motocin otal ba sa zuwa da wuri, don haka a ranar nake cike ta makon duka, Litinin zuwa Juma'a, kowa ɗaya zuwa biyu. Sai Mai Agogo ya fita da ita da tawada, kowacce ta dangwala ba tare da ta ajiye dutsen guga ba.

Zan faɗa muku gaskiya, ina son safiyar Litinin. Ofishinsa ƙarami ne, amma akwai fanka da kujera mai laushi. Da kansa yake haɗa mini shayi, ya zauna a gefen tebur yana tambayata ina aka kwana a littafin da nake karantawa, wa ya auri wa, wa ya mutu. Ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan tambayar. A gidanmu in aka gan ni da littafi, "Tashi ki yi wani abin" ake cewa. A duk sashen ni kaɗai nake samun zaman awa ɗaya a kan kujera, kuma ina samunsa ne wajen rubuta hutun da sauran ba su samu ba. Wannan tunanin bai taɓa zo mini ba a lokacin. Ko kuwa ya zo na kore shi, ban sani ba.

Sau ɗaya na tambaye shi, muryata can ƙasa. "Wai ba laifi ba ne?"

"Cika ƙa'ida ne kawai. In muka tsayar da inji awa ɗaya, kayan yamma ba za su fita ba. Otal ɗaya ya janye, mai gidan nan zai sallami mutum goma. Kina so ki zaɓar masa goman?"

Na girgiza kai. Ya turo mini shayin.

A gida kuwa tuni ya zama ɗa. Baba ya rasu shekara huɗu ke nan, Umma da keken ɗinkinta take riƙe da mu. Ranar da jininta ya hau, shi ya kai ta asibiti a tsohuwar motarsa. Shi ya gyara mata keken da ya fara cin zare. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. "Ke da ko gaisuwa sai an ja miki baki, ga shi Allah ya kawo miki mai ofis har ƙofar gida. Ina dai tsoron ranar da zai gane littafin kika fi so." An tsayar da magana, ranar Asabar kawunnansa za su zo neman aurena.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Uwar Biyu. Ita ce babba a sashenmu, shekara goma sha huɗu tana wurin, 'ya'yanta 'yan biyu mata take ciyarwa ita kaɗai. Ita ta koya mini ninke zanen gado a motsi huɗu. Ranar da na manta burodina, ita ta raba nata biyu ta cusa mini a aljihu ba ta ko dube ni ba. Ita ke kan babban injin guga, mai wasu ƙarafa biyu masu zafi da ke juyawa suna haɗiye zani. Dodo muke ce masa. Kullum in na wuce sai ta ce, "Malama, in kin auri Agogon nan ki cire masa batir, ko ma samu mu zauna."

Ranar Larabar makon jiya otal uku suka kawo kaya lokaci ɗaya. Tun hantsi take cewa kanta na juyawa. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ta ce wa ta kusa da ita, "Bari in kai wannan tarin, in zauna ko a ƙasa ne." Ba ta kai ba. Ɗaya da minti ashirin, ina ninke tawul, na ji ƙarar Dodo ta canza. Abin da na fara ji ke nan, kafin muryarta.

Mai Agogo ne ya fara isa. Shi ya doki jan maɓallin, shi ya naɗe hannun da jiƙaƙƙen tawul, shi ya ɗauke ta cak zuwa mota, farar rigarsa duk ta ɓaci. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka mugu nake so.

Litinin ɗin da ta biyo baya bai kira ni ofis ba. Sai da yamma, ina wanke-wanke, saƙonsa ya shigo.

"Ina ƙofar gida. Ki fito ke kaɗai, kada Umma ta sani."

Na zura dogon mayafina a kan rigar gida, silifas ɗina ma warin Umma na sa ban lura ba. Yana cikin mota, idanunsa sun faɗa. Na zauna a gefensa.

"Yaya jikinta?"

"Yatsu uku. Sun ce sauran biyun za su tsira." Ya shafa fuskarsa. "Asibiti sun kai rahoto. Ranar Alhamis wata jami'a za ta zo daga ofishin ƙwadago."

Ya miƙo mini ambulan. Takardar hutun makon jiya ce a ciki, da wata sabuwa da ba a rubuta komai a kanta ba.

"Duba layin Uwar Biyu."

Na duba. Rubutuna ne, tsaf da shi. Litinin ɗaya zuwa biyu. Talata. Laraba. Alhamis. Juma'a.

"Kin gani ko? Alhamis da Juma'a tana kwance a gadon asibiti, mu kuma a nan mun ce ta fita hutu ta dawo. Duk wanda ya ga wannan ya san a zama ɗaya aka cike ta. Sabuwa za ki rubuta. Ki bar mata kwana biyun nan a buɗe. Ki riƙa sauya biro, wasu ki sa musu ɗaya da biyar, wasu ɗaya saura. Zancen dangwala yatsa ki bar mini. Tsohuwar kuma ki ƙona ta."

"Laraba fa?"

Ya ƙura wa sitiyari ido. "Laraba ki bar ta yadda take."

"Ɗaya zuwa biyu ne. Ɗaya da ashirin abin ya faru."

"Na sani."

"To in hutu take a lokacin, me ya kai ta bakin Dodo?"

"Abin da lauyan mai gida zai tambaya ke nan." Ya juyo ya dube ni. "In lokacin hutunta ne, ba wanda ya sa ta, ita ta kai kanta, ba diyya a kan kamfani. Amma mai gida ya ce zai biya asibiti, zai kuma ba ta wani abu. Ni zan tsaya mata, wallahi ba zan bari ta wulaƙanta ba. Malamata, ki saurare ni. In gaskiya ta fito ba mai gida za a kama ba, zai ce bai san ana yi ba. Sa hannuna ne a ƙasan kowace takarda. Ni zan tafi, kuma ba gidan wankin da zai sake ɗaukata. Ƙannena huɗu, kin san su ɗaya bayan ɗaya. Ga Asabar saura kwana biyar."

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na dai karɓi ambulan ɗin, wanda duk ɗaya ne da eh.

Washegari da yamma na shimfiɗa takardun a kan teburin da Umma ke yanka yadi, da biro uku. Gwaggo ta zo da sabbin labule, suna ta gardama da Umma a kan wanda za a sa a falo. Umma ce ta lura na fi rabin awa biro na hannuna ban ɗiga komai ba.

"Ke lafiya? Kin yi wani zuru kamar an aiko miki da mutuwa."

Ban iya ɓoye wa Umma abu ba. Na gaya musu duka, ina yi ina sarƙewa.

Gwaggo ta ajiye labulen. "To shi ne me? Ke kika tura mata hannu a inji? Takarda ce fa, 'yar nan. Mutum ya ce zai biya asibiti. Ke karatun nan naki ya sa komai sai kin mayar da shi shari'a."

"Gwaggo, yatsunta uku."

"Allah ya ba ta lafiya. In kin tona, yatsun za su tsiro ne?"

Umma ta gama zura zare a allura, sannan ta ɗago. "Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Cewa na yi kada ki faɗi abin da ba a tambaye ki ba. Tun da babanku ya tafi ban yi barci da ido biyu a rufe ba sai da yaron nan ya shigo mana. Ki ji tausayina."

Na rubuta. Shuɗin biro, baƙin biro, wani shuɗin mai haske. Ɗaya da biyar, ɗaya saura uku. Ta yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Tsohuwar na kai ta kicin, na kunna wuta, na tsaya ina kallon wutar har Umma ta ce ina ɓarnar gas. Na kashe, na ninke takardar na sa a tsakiyar littafina. Kada ku tambaye ni dalili. Ba jarumta ba ce, hannuna ne ya ƙi.

Da safe na miƙa masa sabuwar. Ya duba, ya sauke numfashi.

"Kin ƙona waccan?"

"Eh."

Ƙaryar farko ke nan da na taɓa yi masa.

A ranar bayan an tashi na wuce asibiti da lemo da madara. Ɗakin gado takwas ne, nata na bakin taga. An naɗe hannun damanta har gwiwa an ɗaga shi a kan filo. Ta rame, amma bakin na nan.

"Ah, amarya. Agogo ya ba ki minti nawa?"

Na yi dariyar dole. Ta tambayi kowa, ta tambayi wa aka sa a kan Dodo, ta ce a gaya wa yarinyar kada ta yarda gefen mayafinta ya yi lilo. Sannan ta laluba ƙarƙashin filo da hagunta ta zaro wata takarda.

"Gara da kika zo. Jiya wani mai kwat ya kawo mini wannan daga wurin mai gida, wai in dangwala. Na ce masa yatsan dangwalawar ai yana cikin bandeji, ya dawo jibi. 'Yan biyu sun duba sun ce kalmomin sun fi ƙarfinsu. Karanta mini, Malama."

Na gyara gilashina na fara. Takardar ta ce mai wannan suna ta amince hatsarin ya faru ne a lokacin hutunta, kamar yadda takardar hutu ta nuna. Ta ce ita ta je bakin injin ba da umarnin kowa ba. Ta ce ta karɓi taimakon kamfani da godiya, kuma ba za ta nemi komai ba bayan wannan. Ban san yadda aka yi na kai ƙarshe ba.

"Hutu," ta ce, a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Shekara goma sha huɗu. Yaushe na yi hutu? Wace takarda ce ta nuna?"

"Wadda kuke dangwalawa ranar Litinin."

"Ba ta zuwa aiki ba ce? Ni na ɗauka ta zuwa aiki ce." Sai na ga idonta ya tsaya a kan hannuna. "Abin da kike yi a ofis ke nan."

"Ni ce nake rubutawa, Yaya."

"Mu muna can muna cewa soyayya ake sha. Har ni ce mai hana su gulma. Ina cewa ku bar yarinya ta huta, marainiya ce."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce in miƙo mata ruwa, na miƙa, ta sha, ta mayar mini da kofin.

"Tafi gida, yamma ta yi. Ba zan ce ki ɓata aurenki saboda ni ba, na san yadda ake shan wahala kafin a samu na kirki. Amma kada ki sake zuwa duba ni. Ba fushi nake ba. Ba na dai so in riƙa kallon hannunki."

Ranar Alhamis tun ina ɗaura ɗankwali saƙonsa ya shigo.

"Tambaya biyu ko uku za ta yi miki. Ki ce kullum kike cikewa in sun fita. Kada ki ji tsoro, ina bakin ƙofa. Na gode, Malamata."

Jami'ar guntuwar mace ce mai ƙaton fayil da takalmi marar tsini, gilashinta na rataye da igiya a wuya. Ta zaga ko'ina, ta tambayi mata ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce ana ba mu hutu, don an riga an ja mana kunne. Ƙarfe ɗaya daidai Mai Agogo ya sa aka kashe injina. Tun da na fara aiki ban taɓa jin ɗakin nan shiru da rana ba. Sai ga mu, mu talatin da ɗaya, kowacce ta zaro burodinta daga aljihu, ta tsaya a bakin teburinta tana ci a tsaye. Ba wadda ta san inda za ta nufa.

Jami'ar ta daɗe tana kallonmu. "A ina kuke zama in kuna hutun?"

Kowa ya dubi kowa. Ko benci ɗaya babu a ɗakin.

Bayan nan aka kira ni ofis. Tana zaune a kan kujerar da nake zama, fanka na kaɗa gefen takardun. Ta ce Mai Agogo ya ba mu wuri. Ya fita ya tsaya, ina hango bayansa ta gilashin ƙofa.

"Ke kike cike wannan?"

"Eh."

"Rubutunki na da kyau. Kullum kike cikewa, a lokacin da suke fita?"

Na ƙura wa takardar ido. Ta cire gilashinta ta sake shi a ƙirji.

"'Yata, bari in gaya miki abin da layin nan yake nufi. In matar nan hutu take, babu abin da zan iya yi mata. In aiki take, kamfani zai biya maganinta, albashinta zai ci gaba har ta warke, za a biya ta diyyar yatsunta, kuma ba mai korarta. Na ga abin da na gani yau da rana, amma ido ba ya shiga fayil. Takarda ta ce hutu, mata talatin sun ce hutu. In ke ma kin ce haka ne, zan rubuta haka ne in kama hanya."

Kalma ɗaya ce tsakanina da Asabar. Na dubi bayansa. Na san rigar, ni na zaɓar masa ita. Na san yadda kafaɗarsa ta hagu take ɗan sauka in ya gaji. Wallahi ina sonsa a wannan lokacin fiye da kowane lokaci.

Na buɗe jakata, na ciro littafin, na zaro takardar. Sai da na yi amfani da hannu biyu kafin na iya ajiye ta a gabanta.

"Wannan ce ta gaskiya. Ki duba Alhamis da Juma'a a layin Uwar Biyu. Ranar Litinin nake cikewa duka. Ba wadda ta taɓa yin hutu."

Da na fito yana nan inda yake. Kallo ɗaya ya yi mini ya gane.

"Kin ce mini kin ƙona ta."

"Na ce."

"Da kin gaya mini ba za ki iya ba, da na nemi wata hanya."

"Wace hanya?"

Jami'ar ta kira shi daga ciki.

Kafin la'asar ta kwashe takardun wata takwas ta tafi da su. Kafin a tashi mai gida ya dakatar da shi. Na ga fitarsa da kofin shayinsa da cajar waya a cikin leda. Ranar Juma'a aka kawo benci huɗu, ƙarfe ɗaya aka kashe injina, mata suka zauna suna miƙe ƙafa suna cewa ashe haka abin yake. Amma ana ta raɗe-raɗin otal-otal za su janye a rage mutane, don haka bencin da na zauna ni kaɗai na cinye burodina a kai.

Na rubuta masa "Ka yafe mini," na goge, don ban san ko laifi na yi ba. Na rubuta "Ina sonka," na goge. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "Ka ci abinci?" Ya buɗe. Bai amsa ba.

Umma ban gaya mata komai ba. Ta tambaye ni yaya aka yi da matar ofishin, na ce an gama. Ta ce alhamdulillahi.

Yau Asabar. Tun safe aka share gida aka goge, aka aro kujeru shida daga maƙwabta aka jera a falo. Umma ta sa kayanta masu ruwan zuma da ba ta sa ba tun rasuwar Baba, har da 'yan kunne. Gwaggo na kicin tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Ni kuma ina ɗaki cikin doguwar rigar da Umma ta kwana uku tana ɗinka mini, ina riƙe da waya. Ƙarfe huɗu aka ce. Huɗu saura kwata saƙon ya shigo.

"Su Kawu ba za su zo ba. Ban gaya musu dalili ba. Ban ce kin yi laifi ba, don na rasa sunan da zan sa wa abin da kika yi. Ki ba Umma haƙurin wahalar da ta sha. Kada ki kira."

Umma ta leƙo tana gyara mayafi. "Shi ne? Sun taso?"

Ta dubi fuskata, ta dubi wayar, murmushin ya sauka a hankali.

"Me kika gaya wa matar nan?"

"Gaskiya na gaya mata, Umma."

Ta daɗe a tsaye riƙe da ƙofa. Na jira faɗa, na jira kuka. Sai kawai ta juya ta kira Gwaggo. "Kashe wutar nan. Zo ki ɗauki ɗaya in ɗauki ɗaya, mu mayar wa mutane kujerunsu tun ba su fara leƙe ba." Ba ta sake dubana ba.

Na ɗauki ta uku na bi bayansu, rigar na harɗe mini ƙafa. Ina fitowa ƙofar gida na tsaya. Can bakin layinmu, ƙarƙashin bishiyar da ke gaban shagon mai gyaran waya, ga tsohuwar motarsa a kashe. Shi kaɗai ne a ciki, goshinsa a kan sitiyari. Ashe daga nan ya turo saƙon.

Bai fito ba. Bai kuma tafi ba. Ni kuma ga ni tsaye a tsakiyar layi da kujerar mutane a hannu, Umma na kirana daga dama, shi yana hagu, ƙafata ta ƙi zaɓa.